Kuɗin Ƙungiya da Ƙafar Mutum Ɗaya

Ya kai mai karatu, in kana sauraron wasan ƙwallo a rediyo, sunan wa ka fi ji? Sunan ɗan gaba, wanda ke gudu ya jefa ƙwallo a raga. Shi ake yi wa kirari, shi ake saye da tsada. To, nawa ya kamata ƙungiya ta zuba a kan mutum ɗaya? Bari mu tambayi tarihi.

Mu fara da ɗan ƙasarmu, Musa Ma'azu. An haife shi a Yamai a 1988. Ya yi wasa a ƙungiyar sojoji ta ASFAN. Dogo ne, ga gudu kamar barewa. A 2008 ƙungiyar Lokeren ta ƙasar Beljiyam ta ɗauke shi, ya yi ta cin ƙwallo. A 2009 sai ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko, a Rasha, ta saye shi. Jaridu sun ce kuɗin sun haura sefa miliyan dubu 3.

Amma a Mosko ƙwallayen da ya ci kaɗan ne. Wuri baƙo, sanyi mai tsanani, abokan wasa sababbi. A farkon 2010 suka ba da aronsa ga Monako. Daga nan ya tafi Bordo, a Faransa. A 2011 ya ji ciwo a gwiwa, ya yi watanni bai buga ba. Ka gani, gwiwa ba ta san yawan kuɗin da aka biya ba.

Yanzu dubi wannan Ma'azun a cikin Mena, ƙungiyar ƙasarmu. A watan Oktoba na 2010 Masar ta zo Yamai. A lokacin ita ke riƙe da kofin Afirka, ta ci shi har sau 7. Mena ta doke ta 1 da 0, Ma'azu ne ya ci. Amma ƙwallo ɗaya ba ta isa sai baya ya rufu. Mai tsaron gida Kasali Dauda da 'yan baya su suka tsare wannan nasara. Da haka mai horarwa Haruna Dula ya kai Nijar gasar kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihi, aka bar Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo a gida.

A can gasar kuma aka koyi wani darasi. Cikin wasa 3 Mena ta ci ƙwallo 1 tak. A gasar 2013 ba ta ci ko ɗaya ba. In gwani ɗaya gare ka a gaba, abokan hamayya sai su sa mutum biyu su tsare shi, shi ke nan.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A Amurka akwai wani irin wasan ƙwallo da ake rungumar ta a hannu. Akwai ɗan wasan da aikinsa shi ne ya karɓi ƙwallo ya kutsa da gudu, ƙarti suna kayar da shi. A 1989 ƙungiyar Minesota ta so wani gwanin gudu mai suna Hashel Woka. Ta ba ƙungiyar Dalas 'yan wasa 5, ta kuma sallama mata wani ɓangare na damarta ta zaɓen sababbin matasa har na shekara 3. Kamar manomi ne ya ba da shanun huɗa da irin shuka don ya sayi dokin sukuwa.

Me ya faru? Kafin shekara 3 ta cika Woka ya bar Minesota, ba su ci kofi ba. Dalas kuwa ta zaɓi matasa ta cike gurabe da dama. Cikinsu har da wani sabon mai gudu, Emit Simit. Ta ci babban kofin ƙasar a 1993 da 1994 da 1996. Ba ta ƙi mai gudu ba. Ta samo yaro mai sabon jini ne, ta kuma tanadi ƙartin da ke buɗe masa hanya.

To, ɗan'uwa, wannan magana ta shafe mu. In matasan garinku, a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi, sun yi karo-karo bayan kaka don shiga gasa, wani zai ce a ɗauko gwani daga Maraɗi a ba shi kuɗin duka. Ku yi lissafi tukuna. Ana bukatar ƙwallo da takalma. Ana bukatar kuɗin mota, da na magani in wani ya ji ciwo. Akwai kuma yara ƙanana da za su gaji manya. In an fitar da waɗannan, abin da ya saura shi ne rabon gwani. A biya shi haƙƙinsa, gama ya cancanta. Amma kada rabonsa ya kai yadda in ya gurɗe a wasan farko, ƙungiya za ta watse.

Mutum 11 ke shiga fili. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tattauna wannan a ajinku na yaƙi da jahilci, ku rubuta lissafin a kan allo kowa ya gani.