Kabeji ko Shu?

Ganye ɗaya ne, amma da ka tsallaka iyaka daga Jibiya zuwa Maraɗi sai sunansa ya canja. A Katsina da Kano ana ce masa kabeji, aro daga Ingilishi. Harshen Bahaushe ya fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa ya liƙa mata "i" a ƙarshe. Mutanen Nijar kuwa shu suke cewa, sun ɗauko daga Faransanci. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, kowa ya bar sunan cefanensa. Haka karas ya zama karoti a Nijar. A ganina shu ya fi daɗin talla, mai tire ta ja shi yadda take so.