Batirin waya: Wanda ake iya farfaɗowa da wanda sai an sauya

A Gusau da Tsafe da Bungudu, mutuwar batirin waya ko na na'urar POS ba ƙaramar asara ba ce. Ɗan kasuwa na jiran shaidar shigar kuɗi, ma'aikaci na jiran labarin albashi, matafiyi kuma na son jin halin da hanya ke ciki kafin ya kama titin Funtuwa ko na Sakkwato. Ƙarancin wutar lantarki ya sa jama'a dogaro da shagunan caji masu janareta ko sola, zafin bazara kuma yana rage wa batir kwana. Saboda haka yana da kyau a san batirin da ya suma, a kuma san wanda ya mutu murus.

Ire-iren batura

Iri uku ne suka fi yawa a hannun jama'a. Na farko shi ne na litiyam, wanda ke cikin wayoyin salula da na'urorin POS da fawa banki. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1991, sannan a 2019 aka bai wa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel saboda binciken da ya haifar da shi. Ƙarfinsa na yau da kullum bolt 3.7 ne zuwa 3.85, idan ya cika kuma yakan kai 4.2 zuwa 4.4.

Na biyu shi ne na nikel, mai siffar batirin rediyo, wanda kowane ɗaya ke ba da bolt 1.2. Na uku shi ne na dalma, wanda ake samu a yawancin tociloli da fitilun caji masu araha, galibi mai bolt 4 ko 6. Kowanne da irin cutarsa, kowanne kuma da irin maganinsa.

Abin da ke kashe batir

Batirin litiyam yana tsufa ko da an lallaɓa shi. Kamfanin Apple ya ce an ƙera batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace shi ne don ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500. Ga mai cinye cajinsa kullum, wannan bai kai shekara ɗaya da rabi ba.

Zafi ne babban abokin gaba. Apple ya shawarci masu wayoyinsa da su guji zafin da ya haura digiri 35, alhali a watannin Maris zuwa Mayu zafin Zamfara kan wuce digiri 40. Wayar da aka bari a gaban mota, ko aka jibge da wasu a kan teburin mai caji a ƙarƙashin rufin kwano, tana shan zafi biyu: na rana da na caji.

Abu na gaba shi ne barin batir babu caji tsawon lokaci. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, ba a maido da su a Gusau ba sai farkon Oktoba. Irin wannan yanayi yana cutar da batir ta fuska biyu. Wayar da ke laluben sabis tana zuƙe caji da sauri, wadda aka jefa a aljihun tebur babu caji kuma tana ci gaba da zubar da ɗan abin da ya rage mata. Inda sabis ba shi da ƙarfi, a sa wayar a yanayin jirgin sama. Wadda za a ajiye kuwa, a kashe ta da cajin da ya kai rabi.

Batirin da ya suma

A jikin batirin litiyam akwai ɗan ƙaramin allon kariya da ke yanke wuta idan ƙarfin ya faɗi zuwa wajen bolt 2.5. A nan waya kan ƙi kunnuwa, amma batirin da sauran ransa. Matakin farko shi ne a duba ramin caji, domin ƙurar hunturu kan toshe shi. A share shi da tsinke, ban da allura. Sannan a gwada wata igiyar caji, a jona da caja mai kyau a bar ta rabin awa zuwa awa ɗaya, domin wayoyi kan fara da sakin wuta kaɗan kaɗan kafin alamar caji ta bayyana.

Idan ba ta tashi ba, sai wurin mai gyara, irin waɗanda ke Bebeji Plaza a Gusau. Ƙwararre zai auna batirin da mita, ya ba shi wuta a hankali da na'urar da ba ta wuce bolt 4.2, yana lura da ɗuminsa. Idan awon ya nuna ƙasa da bolt 2, kuma batirin ya daɗe a haka, kada a tayar da shi. A wannan mataki jan ƙarfen da ke cikinsa kan narke, ya haɗa ɓangarorin da bai kamata su haɗu ba, kuma hakan na iya jawo gobara bayan an koma amfani da shi.

Batirin nikel kan dawo da wani ɓangare na ƙarfinsa idan aka cika shi aka ƙarar sau uku ko huɗu da caja mai aiki a hankali. Na dalma kuwa ba ya son zama babu caji, don gishiri kan daskare a kan farantansa. Tocilar da aka manta da ita watanni, sauyin batir ne maganinta.

Dabarun da ba su da amfani

Sanya batir a firji ba ya maido da ƙarfinsa, raɓa ma yake jawo masa. Shanya shi a rana yana ƙara lalata shi. Taɓa shi da batirin mota ko na babur mai bolt 12 ganganci ne. Mafi haɗari shi ne huda batirin da ya kumbura don iska ta fita. Kumburin alama ce ta cewa sinadarin ciki ya lalace, hudawa kuma na iya tayar da wuta nan take. A 2016 Samsung ya janye wayoyin Galaxy Note 7 kimanin miliyan 2.5 daga kasuwa saboda baturansu na kamawa da wuta.

Lokacin sauyi

A sauya batir idan ya kumbura har ya ɗaga murfi ko gilashi, ko yana zafi ba tare da aiki ba, ko wayar tana mutuwa alhali tana nuna kashi 30 ko 40. Wajen saye, lambar batir ita ce abin dubawa, kamar BL-5C na ƙananan wayoyin Nokia, tare da yawan bolt da mAh. Batirin da girmansa ɗaya da na asali amma aka rubuta masa ninkin ƙarfi, abin zargi ne. A duba ranar ƙira, a nemi rasit da wa'adin gwaji, a kuma karɓi tsohon batirin a hannu don a tabbatar an sauya. Wanda aka manne a cikin waya, a bar wa mai gyara. Na'urar POS kuma a fara tuntuɓar kamfanin da ya bayar da ita.

Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 da za ta tilasta wa kamfanoni, daga Fabrairun 2027, su riƙa ƙera yawancin na'urorin hannu ta yadda mai su zai iya sauya batir da kansa.

Ina za a kai tsohon?

Zamfara ta san illar dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a jihar, musamman a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Daga duwatsun zinare waccan gubar ta fito, amma dalmar da ke cikin batirin tocila ita ce dai. Kada a fasa shi, kada a bar yara su yi wasa da shi, kada a jefa kowane irin batir a bolar da ake ƙonawa. A liƙe bakin na litiyam da salatif, a ajiye shi a wuri mai sanyi nesa da katifa da fetur, sannan a miƙa shi ga mai gyara ko masu karɓar tsofaffin batura.