DAGA SAƘON DIREBA ZUWA ALAT: WACE WAYA CE TA ƊAN KASUWA?

Ranar Larabar da ta wuce, bayan an tashi daga kasuwar Maƙarfi, ɗan yayata ya same ni a gida da yamma lis. Yaro ne mai neman na kansa. Shekara uku ke nan yana sayen tumatir da tattasai a fadamun Hunƙuyi da Kudan, su haɗa mota da abokansa a kai Kudu. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, shawara na zo nema. Waya nake so in canza saboda harkar nan, na ga wata mai ido uku, ta hannu ce amma tas take." Na ce nawa? Da ya faɗi kuɗin sai da na gyara zama. Wallahi ya fi rabin jarinsa.

Ban ce masa kar ya saya ba. Na dai ce ya zauna in ba shi tarihi, don mu 'yan shekara arba'in da ɗoriya a gabanmu aka yi komai. Na ga ya dace in kawo shi nan, domin na san ba shi kaɗai ne ke wannan lissafin ba.

Lokacin muna yara mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, rake da mazarƙwaila yake kai wa Kano. Yadda yake sanin farashi shi ne ta bakin direba. Wanda ya dawo jiya shi zai gaya maka yadda kasuwa ta kwana, kai kuma ka yi lodi yau, ka isa gobe. Labarin kwana biyu kake ciniki da shi. Mai rake yana da ɗan sauƙi, amma mai tumatir in ya isa ya tarar motoci goma sun riga shi, sai dai ya karɓi abin da dillali ya yanka masa, don tumatir ba ya jiran kowa. Wayar tarho kuwa sai birni. A duk Nijeriya layukan NITEL ba su wuce wajen 400,000 ba, ga mutane sama da miliyan 100. Daga Ikara ko Paki in kana son magana da Legas, sai ka shiga mota zuwa Zariya ko Kano.

A watan Janairun 2001, zamanin Obasanjo, hukumar NCC ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane ɗaya dala miliyan 285. Zuwa Agustan shekarar Econet da MTN sun fara aiki. Ina ɗalibi a Zariya lokacin. Layi kawai, ban da waya, ya haura naira 20,000, alhali mafi ƙarancin albashi a jihohi naira 5,500 ne. Kira naira 50 minti ɗaya, ko sallama kawai ka yi ka kashe an cire maka. Sai da Glo ta shigo a Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa sannan sauran suka bi. Mu nan ƙauyukanmu sabis ya ɗan jima bai iso ba, kuma da ya zo akwai wuraren da sai an hau tudu ko an tsaya gindin wata bishiya da kowa ya sani. Masu lema da teburi suna ba da hayar kira, sauranmu kuma muna ta filashin.

To a wancan zamanin wace waya ce ta ci kasuwa? Akwai masu murfi, akwai masu kala, masu tsada. Amma wadda ta zauna a aljihun ɗan kasuwa ita ce Nokia 3310, sai 1100 da ta fito a 2003, mai tocilan a ka, wadda daga baya aka yi wa irinta laƙabi da rakani-kashi. Dalili a fili yake: caji ɗaya ta yi kwanaki, ta faɗi daga kan mota ka ɗauka ka haɗa ta ci gaba da aiki. A garin da wuta sai ta ga dama, wannan shi ne abin nema.

Kuma kar a raina wannan 'yar wayar. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na maƙwabtanmu Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari bayan zuwan waya. Babu intanet, babu hoto, kira kawai. Ɗan kasuwa ya tambayi Maraɗi, ya tambayi Damagaram, sannan ya san inda zai nufa. Abin da ya faru da mu ke nan: kafin a ɗora kwando ɗaya an riga an ji yadda 'Yankaba da Mile 12 suka tashi.

Wajen 2008 sai ga wayoyin Caina masu layi biyu, masu ƙara kamar rediyo. 'Yan boko muka yi ta yi musu dariya. Amma sun zo da maganin ciwonmu: wannan layin yana kamawa a gida, wancan a gona, kuma kira daga kamfani zuwa wani kamfani ya fi tsada. A kan wannan Tecno ta kafu, ita da 'yan uwanta Itel da Infinix, duk na kamfanin Transsion ne, har suka mamaye Afirka. A daidai lokacin kuma ana yayin BlackBerry, wajen 2010 zuwa 2012. Wanda ba shi da lambar BBM kamar bai waye ba. Ni kaina na zuba albashin wata guda a kanta. Yau ina take? Kamfanin ya daina ƙera waya da kansa a 2016. Nokia ma da ta yi sarauta sai da ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014. Yayi yana wucewa, buƙata kuwa tana nan inda take.

Daga nan waya ta fara zama abin da ya wuce kira. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, aka fara turo wa manoma saƙon takin gwamnati ta waya. Dattawan da suka rantse ba za su riƙe ta ba sai ga su suna neman wanda zai karanta musu tes. A 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya, wanda a ganina babu abin da ya kai shi amfani ga mutanenmu, don wanda bai yi boko ba ma zai danna ya yi bayani da Hausarsa, ya ɗauki hoton kaya ya tura. BVN ya zo a 2014, haɗa layi da NIN a Disambar 2020. A hankali lambar wayarka ta zama shaidarka.

Sai babbar jarrabawa. A Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da canjin takardun 200 da 500 da 1,000. Watannin Janairu da Fabrairun 2023 kowa ya san abin da ya gani, kuma daidai lokacin kakar tumatirin rani ne. Jiharmu ta Kaduna na cikin jihohi ukun farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, tare da Kogi da Zamfara, aka yi hukunci ranar 3 ga Maris. Kafin nan na ga manomi da idona ya karya kayansa don kawai mai saye ya zo da tsabar kuɗi. Na ga kuma yaro ƙarami ya yi ciniki ya fi manya, don wayarsa na da caji kuma taransfa na shiga. Lokacin ne OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga har rumfar mai shayi. Tun daga ranar waya ta zama lalitar ɗan kasuwa. Ɓarayi ma sun gane haka, shi ya sa alat na bogi da satar layi suka yawaita.

Da na kawo nan sai na ce masa, ka duba duk tarihin nan, wayar da ta yi wa ɗan kasuwarmu aiki a kowane zamani ita ce wadda ta dace da wutarmu, da sabis ɗinmu, da aljihunmu. Don haka ga abin da zan duba in ni ne:

Na farko batir. Kar ya gaza 5,000mAh, wanda zai kai ka daga asuba a fadama har dare a tasha ba ka kai wa mai caji ba. Wayar hannu kuwa batirinta ya riga ya sha wuya a hannun wani.

Na biyu sabis. Ta ɗauki layi biyu, ta kama 4G. Kar ka biya kuɗin 5G alhali inda kake yini bai san da shi ba. Ka tambayi masu POS na kasuwar da kake ci wane layi ne ba ya ba su kunya, sun fi kowa sani.

Na uku ƙwaƙwalwa. RAM 4GB, ma'aji 64GB ko 128GB, ya isa WhatsApp da manhajar banki biyu da hotunan kaya. Wayar da ta tsufa sosai manhajojin banki kan daina hawa kanta.

Na huɗu gyara. Kafin ka biya, tambayi kuɗin sikirin ɗinta a PZ ta Zariya ko Farm Centre ta Kano. In kuɗin gilashi ya kai ribar wata guda, ba taka ba ce.

Na biyar tsaro. Karɓi rasit, danna *#06# ka ga lambar ta yi daidai da ta kwali, kar ka sayi kayan sata ka kwana a caji ofis. Sa makulli a wayar, sa wa layin ma lambar sirri. Layin bankinka ka ajiye shi a ƙaramar waya daban. Kuma kar ka saki kaya don an nuna maka alat, buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka.

Ya yi shiru, can ya ce, "Amma Kawu, mutane suna kallon wayar da ke hannunka kafin su yarda da kai." Na ce ban musa ba, akwai wannan. Ƙanwarka mai sayar da atamfa da turare ta hoto ma dole ta nemi mai kyamara mai kyau, don hoton shi ne shagonta. Amma kai dillalin Mile 12 bai taɓa ganin wayarka ba. Abin da ya sani shi ne in ya kira ka ƙarfe huɗu na asuba kana ɗauka, kuma kwandon da ka ce ka ɗora shi yake saukewa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin waya ya yi sama, a farkon 2025 kuma aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wanda ya zuba jarinsa a waya, da me zai sa mata kati, da me zai sayi kayan da zai ɗauka hoto?

Jiya ya kira ni. Ya sayi sabuwa mai matsakaicin kuɗi, kusan kashi ɗaya cikin uku na waccan, sauran ya ƙara kwanduna. Ya ce abokansa suna ta tsokanarsa. Na ce ya bar su, a haɗu bayan kaka.

Ku fa jama'a, wace ce wayarku ta farko, kuma wacce ce ta fi yi muku aiki a sana'a? Masu gyaran waya da masu POS musamman, ku ƙara mana da abin da na manta.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya tsare mu da asara.