Kiwon Tarantula Mai Rami a Yanayin Tsohon Birnin Kano: Nazari Kan Gidajen Soron Ɗinki

Tsakure

Tarantula mai rami babbar gizo-gizo ce da ke shafe kusan duk rayuwarta a ƙarƙashin ƙasa, ba ta fitowa sai da dare, shi ma iyakarta bakin ramin. Wannan maƙala ta gwada abin da aka sani game da halittarta da yanayin gidajen Soron Ɗinki a cikin ganuwar Kano. Matsayin maƙalar shi ne, ga sabon mai kiwo a wannan wuri, zurfin ƙasa da danshinta sun fi abinci muhimmanci, kuma nau'o'in Afirka ta Yamma, duk da kusancinsu, ba su dace da wanda bai goge ba.

Halitta da rabe-rabe

Masana sun sanya tarantula cikin dangin Theraphosidae, mai nau'o'i fiye da 1,000 a ƙasashe masu ɗumi. Tana da ƙafa 8 da ido 8, amma ganinta mai rauni ne ƙwarai. Da gashin jikinta da zaren da take shimfiɗawa a bakin rami take jin motsin abin da ke tafe. Fiƙoƙinta 2 suna sara ne daga sama zuwa ƙasa, kuma ba ta haɗiye abinci mai tauri: takan zuba wa abin da ta kama ruwan narkarwa, sannan ta tsotse.

Abu biyu a jikinta su ke yanke hukunci a kan yadda za a kiwata ta. Na farko, numfashinta ta huhu 4 ne da ke ƙasan cikinta, masu siraran shafuka da ke zubar da ruwan jiki idan iska ta bushe. Na biyu, ba tsoka ce ke miƙe wasu manyan gaɓoɓin ƙafarta ba, matsin jininta ne. Saboda haka idan ƙishirwa ta kama ta sai ƙafafun su naɗe zuwa ƙarƙashin jiki, alamar da ke nuna mutuwa ta matso. Ramin da take haƙawa shi ne garkuwarta daga wannan: can ƙasa zafi ba ya hawa da sauka kamar a sarari, danshi kuma yana daɗewa.

Zaɓen nau'i

Afirka ta Yamma tana da nata tarantuloli. A ƙarshen ƙarni na 19 Reginald Pocock, masanin gidan adana halittu na Landan, ya bayyana Hysterocrates hercules daga samfurin da aka samo a Jebba, a gaɓar Kwara, ya kuma bayyana Hysterocrates gigas ta Kamaru a 1897. Dukansu masu haƙa ne. Akwai kuma Stromatopelma calceatum da Heteroscodra maculata, waɗanda ke zaune a kan bishiya. Sai dai tarantulolin Afirka da Asiya ba su da gashin ƙaiƙayin da na Amurka ke kakkaɓowa don kare kai, don haka makaminsu gudu ne da cizo. Suna da zafin nama, dafinsu kuma kan jawo ciwo mai tsanani da ɗaurewar jijiyoyi na kwanaki. Ƙari a kan haka, Hysterocrates 'yar ƙasa mai laima ce, ba ta jure bushewar Kano sai da ɗawainiya mai yawa.

A gidan da ake zaune da yawa, yara na kai da kawo tsakanin zaure da tsakar gida, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne. Wanda zai fara ya fi dacewa ya nemi nau'in Amurka mai sanyin hali, irin su Aphonopelma seemanni ta Kosta Rika, wadda ke haƙa sosai, ko Tliltocatl albopilosus ta Nikaraguwa da maƙwabtanta, ko Brachypelma hamorii ta Meziko. Biyun ƙarshe suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar kula da cinikin halittu masu fuskantar ƙarewa, wadda ta shigar da duk jinsin Brachypelma cikin jerinta na biyu a 1995, lokacin da albopilosus ma ke cikin wannan jinsi. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar, ta kuma kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. Shigo da irin waɗannan ba tare da takardar izini ba laifi ne, kuma abin da ya kamata a nema shi ne wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, ba wadda aka tono daga daji ba.

Akwati da ƙasa

Ana amfani da akwatin gilashi ko na roba mai haske, faɗinsa kamar ninki 3 na buɗewar ƙafafun dabbar, da murfi mai kulle da ƙananan huda a gefe da sama. Ga babba, ƙasa ta kai zurfin santimita 15 zuwa 25. Tazarar da ke tsakanin ƙasa da murfi kada ta wuce buɗewar ƙafafu ɗaya da rabi, domin tarantula takan hau bango, cikinta kuma mai taushi ne: faɗuwa kaɗan na iya fasa shi, jini ya tsiyaye har ta mutu.

Masu kiwo a Turai da Amurka sun dogara da garin ɓawon kwakwa, wanda ba kasafai ake samu a Kano ba, kuma shi kaɗai ba ya riƙe rami. Abin da ke hannu ya isa: jar ƙasa irin ta gini, a gauraya ta da rairayi da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Gwajin mai sauƙi ne. A jiƙa kaɗan, a dunƙula a tafin hannu. Idan ta tsaya ba ta zubar da ruwa ba, kuma ta farfashe da an matsa ta da yatsa, ta yi. Idan laka ta yi yawa, takan ƙame da rani har dabbar ta kasa haƙa; idan rairayi ya rinjaya, ramin ya rufta. Kada a ɗebo daga gonar da aka yi wa feshi ko taki na zamani, ko daga bakin kududdufi da kwata. A shanya ta a rana kwana biyu ko uku kafin a zuba, a danne ta sosai, sannan a fara ɗan rami a jikin bangon akwatin a kifa masa ɓarin kasko. Sau da yawa dabbar takan ci gaba daga nan, mai kiwo kuma ya samu damar leƙa cikin ramin ta gilashi.

Hunturu, bazara da damina

Yawancin nau'o'in da aka ambata suna lafiya tsakanin digiri 22 da 28 a ma'aunin Salshiyos. Kano takan fita daga wannan iyaka ta sama da ta ƙasa. A watan Afrilu zafin rana yakan kusanci digiri 40, a Disamba da Janairu kuma dare yakan sauka ƙasa da 15, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100.

A nan ne tsarin ginin unguwar ke shigowa. Tsohon soro mai kaurin bango da rufin azara yana yi wa mutum abin da rami ke yi wa tarantula: yana shan zafin rana a hankali, ya sake shi da dare. Ɗakin bulo mai rufin kwano, wanda ke ta maye gurbin gine-ginen ƙasa a cikin birni, akasin haka yake yi, kuma da bazara akwatin da aka bari a cikinsa na iya hallaka dabbar kafin la'asar. Saboda haka a ajiye akwatin a ɗakin ƙasa idan akwai, a kusa da daɓe, nesa da taga. Tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kada a jingina rayuwar dabbar a kan na'urar sanyaya ɗaki. Jiƙaƙƙen buhu a jikin akwatin ta waje, ba tare da toshe hudojin iska ba, yana rage zafi.

Da hunturu kuskuren da aka fi yi shi ne yayyafa ruwa a sama kullum. Wannan yana damun dabbar, kuma yana bushewa cikin sa'a guda. Abin da ake so shi ne ƙasan ya kasance da danshi, saman ya bushe, ta yadda ita da kanta za ta zaɓi zurfin da ya yi mata. Ana samun haka ta hanyar tsiyaya ruwa a kusurwa ɗaya har ya gangara ƙasa. Ɗan faranti marar zurfi mai ruwa mai tsabta kada ya rabu da akwatin, kuma ba a sa masa soso ko auduga. Da damina, musamman a Agusta, matsalar takan juye zuwa hunhuna da ƙananan ƙwari, sai a rage ruwa a ƙara iska.

Abinci da abokan gaba

Babba takan wadatu da gyare ko kyankyaso 1 ko 2 a mako ko mako biyu, girmansa bai wuce cikinta ba. A ajiye shi a bakin rami da yamma, a cire shi idan ya kwana ba a ci ba. Ƙwaron da aka kama a tsakar gida haɗari ne, domin da wuya a samu gidan da ba a sa fiya-fiya ko maganin feshi. Kyankyason da ya sha guba bai mutu ba, shi zai kai gubar ga dabbar. Gara mai kiwo ya kiwata nasa a bokiti mai murfi, da dusa da ɓawon kayan marmari. Hayaƙin igiyar leƙo da feshin sauro kada su shiga ɗakin da akwatin yake.

Kiyashi da cinnaka suna iya kashe tarantula, musamman lokacin da jikinta ke da taushi. Tsohuwar dabarar tsoma ƙafafun teburi cikin gwangwanin ruwa tana aiki. Girgiza ma cuta ce ga dabbar da ke jin motsi ta ƙasa: bangon da ya haɗu da shagon tela, ko injin markaɗe, ko janareto, ba wurin jingina akwati ba ne.

Saɓa

Tarantula tana girma ne ta hanyar saɓa. Kafin lokacin takan daina ci, ta toshe bakin rami da ƙasa da zare, ta ɓace makonni, wani lokaci watanni. A nan sabon mai kiwo ya fi yin ɓarna, domin zuciya takan raya masa ta mutu, ya tona. Tonon yana rushe ramin, kuma idan ya same ta tsakiyar saɓa zai iya karya mata ƙafa ko ya kashe ta. Muddin babu wari, a bar ta, a ci gaba da cika farantin ruwa. Wadda aka gani kwance a rigingine saɓa take yi. Matacciya a kife ake samunta, ƙafafu a naɗe. Bayan ta fito, fiƙoƙin farare ne masu taushi, sai sun yi baƙi ake ba ta abinci, abin da kan ɗauki kwana 7 zuwa 14 ga babba.

Mace a wasu nau'o'in Brachypelma takan haura shekara 20, namiji kuwa ba ya daɗewa bayan saɓarsa ta balaga. Ɗaukar mace alkawari ne mai tsawo, kuma hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha sananne ne ga kowane ɗalibi a birni.

Taɓawa da cizo

Tarantula ba ta sabo da mutum, ɗaukarta a hannu ba ya ƙara mata komai sai haɗarin faɗuwa. Idan za a sauya mata wuri, a kora ta cikin kofin roba da buroshi mai laushi, a ƙasa, ƙofar ɗaki a rufe. Gashin ƙaiƙayi na nau'o'in Amurka yana sa ƙuraje, idan ya shiga ido kuma yana iya makalewa ya jawo kumburi mai daɗewa, don haka a wanke hannu bayan an taɓa ƙasar akwatin, a kai mai ciwon ido asibiti ba tare da murzawa ba. Babu tabbataccen rahoton mutuwar mutum daga dafin tarantula. Wurin cizo a wanke shi da sabulu a ɗora abu mai sanyi, ba a tsagawa ba a ɗaurewa. Idan yaro ne, ko numfashi ya yi wuya, ko jijiyoyi suka fara ɗaurewa, a garzaya asibiti tare da sunan nau'in a rubuce.