Dokar Nama da Dokar Ƙwadago a Amurka, 1905-1918

Masana tarihin Amurka sun laƙaba wa shekarun da ke tsakanin 1890 da 1920 sunan Zamanin Gyara, watau lokacin da gwamnati ta fara sa hannu cikin sha'anin manyan kamfanoni bayan ta daɗe tana kallonsu daga nesa. Galibin littattafan da muke koyarwa da su sukan jera dokokin wannan zamani kamar dai duk tafiyarsu ɗaya ce. Nufinmu a wannan maƙala shi ne mu nuna cewa ba haka abin yake ba: dokar da ta kare mai saye ta sami shiga da wuri, wadda kuwa ta nemi kare mai aiki ta sha wuya ƙwarai.

Bari mu fara da nama. A 1904 wani matashin marubuci mai ra'ayin gurguzu, Upton Sinclair, ya yi mako bakwai a unguwar mayankan birnin Shikago, inda kamfanoni irin su Armour da Swift suke sarrafa nama. Daga abin da ya gani ya rubuta littafin ƙagaggen labari mai suna The Jungle, wanda ya fito a 1906. Burinsa shi ne ya bayyana ƙuncin leburori, akasarinsu baƙi daga gabashin Turai. Amma masu karatu suka tsallake wannan, suka tsaya kan 'yan shafukan da suka kwatanta yadda ake niƙe ruɓaɓɓen nama, har da matattun ɓeraye, a sayar wa jama'a. Shugaba Theodore Roosevelt ya aiki mutum biyu, Charles Neill da James Reynolds, suka je suka tabbatar da ƙazantar. Ran 30 ga Yuni 1906, kimanin wata huɗu da fitowar littafin, ya sa hannu kan Dokar Duba Nama da Dokar Tsabtar Abinci da Magunguna. Babu wadda ta yi maganar ladan lebura ko sa'o'in aikinsa.

Ya kamata mu lura da irin cinikin da aka yi kafin dokar naman ta wuce. Sanata Albert Beveridge ya so kamfanoni su biya kuɗin masu dubawa, kuma a riƙa buga ranar da aka cika kowane gwangwani. Duka biyun aka soke su, nauyin ya koma kan baitulmali, dala miliyan 3 kowace shekara. Wannan na daga cikin hujjojin Gabriel Kolko, wanda a 1963 ya yi da'awar cewa manyan kamfanoni ne suka fi cin moriyar gyaran, domin hatimin gwamnati ya wanke hajarsu a kasuwannin Turai. Mu dai muna ganin ya ɗan zarce, tun da sai da aka tsorata mahautan da rahoton Neill da Reynolds kafin su sakko. Duk da haka, dokar ba ta zame musu hasara ba.

Sha'anin ƙwadago kuwa daban ne. A 1905 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta rushe dokar Jihar New York wadda ta hana a sa masu gashin burodi aikin da ya wuce sa'a 10 a yini ko 60 a mako. Hujjarta ita ce dokar ta tauye 'yancin ma'aikaci na ƙulla yarjejeniya da ubangidansa. Abin mamaki, ta dogara ne da Gyara na 14 na tsarin mulki, wanda aka yi a 1868 domin kare 'yantattun bayi. A 1908 ta yarda da irin wannan iyaka ga mata a Jihar Oregon, amma bisa dalilin rauninsu da matsayinsu na iyaye.

Sai da aka yi hasarar rayuka kafin wasu jihohi su motsa. Ran 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle a New York, a hawa na takwas zuwa na goma. Mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙi, Yahudawa da Italiyawa. Wasu sun tarar da ƙofar fita a kulle, wasu suka diro ta taga. Kotu ta sallami masu masana'antar, amma jihar ta kafa hukumar bincike, wadda ta haifar da dokoki masu yawa kan kiyaye lafiyar ma'aikata.

Inda bambancin da muke magana ya fi fitowa fili shi ne batun ƙwadagon yara. A 1916 Majalisar Tarayya ta hana a ketara iyakar jiha da kayan masana'antar da ke ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 14, watau ta yi amfani da ikon nan nata na tsara ciniki tsakanin jihohi, wanda a kansa dokar abinci ta tsaya. Wani uba, Roland Dagenhart, wanda 'ya'yansa biyu ke aiki a masaƙar auduga a Karolina ta Arewa, ya kai ƙara. A 1918 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, har wa yau 5 da 4. Ta ce gurɓataccen abinci shi kansa cuta ne, amma yadin da yaro ya saƙa ba ya cutar da mai sayensa. Alƙali Oliver Wendell Holmes ya ƙi wannan ra'ayi, sai dai ba shi ne da rinjaye ba.

A ganinmu asalin dalilin bai tsaya ga fassarar tsarin mulki ba. Naman da talaka ke ci, shi sanata da alƙali ke ci, alhali 'yan matan Triangle ba su da ƙuri'a, don matan New York ba su same ta ba sai 1917, balle yaran masaƙa. Dokar tarayya mai ɗorewa kan mafi ƙarancin lada da sa'o'in aiki da ƙwadagon yara ba ta samu ba sai 1938, sa'an nan a 1941 Kotun Ƙoli ta janye hukuncinta na 1918.