Tarihin Cocin Katolika a Ƙasar Garwa

Addinin Katolika bai isa arewacin Kamaru da wuri ba. Tun farkon ƙarni na 19 ƙasar tana hannun lamiɓɓen Fulani Musulmi, irin su na Garwa da na Rai Buba. Sai a 1946 ne wasu limaman Katolika Faransawa suka iso, shugabansu kuwa shi ne Fada Yves Plumey. A 1947 aka kafa musu mazauni a Garwa, a 1955 kuma Plumey ya zama bishop na garin.

Yawancin waɗanda suka karɓi addinin ba Fulani ba ne, mutanen karkara ne da na kan duwatsu. Daga baya manoman auduga da suka ƙaura zuwa kwarin Binuwai suka ƙara yawan masu zuwa coci, har a yankin Rai Buba.

A 1984 ɗan ƙasa, Christian Tumi, ya gaji Plumey. Paparoma John Paul II ya ziyarci Garwa a 1985. Plumey bai koma gida ba. An kashe shi a Ngaundere a 1991.