Daga Kakuri Zuwa Hanyar Abuja: Tarihin Peugeot da Gardamar Sababbin Motoci

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu sha'awar mota, daga garejin kanikawan Gusau har tashar Tsafe da ta Bungudu. Da zarar hoton wata sabuwar Peugeot ya bayyana a waya sai a rabu gida biyu. Matasa su yaba fitilun gaba masu kama da faratan zaki da ƙaramin sitiyari da allon da ya maye gurbin maɓallai, dattawa kuma su girgiza kai su ce tun da aka daina ƙera 504 kamfanin ya tashi daga aiki. A ganina ɓangarorin biyu sun tsaya ne a kan fuskar mota, alhali tarihin masana'antar Peugeot ta Kaduna yana nuna cewa abin da ya dasa Peugeot a zukatan mutanen Arewa shi ne tsarin da ya kewaye motar, wato mai sayenta da mai gyaranta da shagon da ake samun kayanta. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk sabon samfurin da za a fitar.

Motocin Peugeot sun fara shigowa Najeriya a 1957 da samfurin 403, sannan 404 ta zo ta yi suna a shekarun 1960. Bayan yaƙin basasa, da kuɗin man fetur suka fara kwarara, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yanke shawarar a riƙa haɗa motoci a cikin gida. A watan Disamba na 1972 aka yi wa Peugeot Automobile Nigeria, wanda aka fi sani da PAN, rajista a matsayin haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa. Aka gina masana'antar a unguwar Kakuri da ke Kaduna, Gowon ya buɗe ta a watan Maris na 1975. A wannan zamani ne Volkswagen ta zauna a Legas, daga baya Steyr ta zo Bauchi, Fiat ta zo Kano, Leyland ta zo Ibadan, ANAMMCO kuma Inugu. Rabon Kaduna ya fi na garuruwan da suka samu manyan motoci albarka, domin ƙaramar motar shiga ce ta samu, irin wadda malamin makaranta da akawu ke mafarkinta.

Shekarar da aka buɗe masana'antar ita ce shekarar da jiragen siminti suka toshe tashar jiragen ruwa ta Legas, har jirgi kan yi watanni yana jiran layi. Saboda haka aka koma ɗauko sassan motocin ta sama. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suna tashi daga Liyon a Faransa su sauka a Kano, daga nan manyan motoci su kwashi kayan zuwa Kaduna, kuma aka yi shekaru a haka. Duk wanda ya san tsadar dakon ƙarfe a jirgin sama zai gane irin kasuwar da ke jiran motar. Ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, gwamnati na ba su rancen sayen mota, naira kuma ta fi dalar Amurka daraja. A kan haka gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta zo da manufar rage facaka, ta sa manyan jami'ai su sauka daga Marsandi su hau 504. A farkon shekarun 1980 masana'antar tana fitar da motoci kusan 60,000 a shekara, tana ciyar da ma'aikata dubbai.

Amfanin wannan yawa bai tsaya a Kaduna ba. Motar da sakatariyar Sakkwato ta saya sabuwa, bayan wasu shekaru gwanjo za a yi da ita, ta faɗa hannun direban haya mai jigila tsakanin Funtuwa da Tsafe da Gusau, ko ta bi ta Bungudu ta nufi Talata Mafara. Kowane yaron gareji da ita ya koyi sana'a, kowane mai shagon kayan gyara ya san lambar abin da ake nema ba sai an nuna masa tsoho ba. A-kori-kura ta 404 da ta 504 su suka riƙa fito da hatsi da auduga daga kasuwannin ƙauye irin na Magami. Idan mota ta tsaya a daji, direba kan buɗe kafireto ya hure datti ya ci gaba da tafiya. Amincin da ake yabon Peugeot da shi rabinsa na injin ne, rabinsa kuwa na dubban mutanen da suka san cikinsa.

Mai ja da wannan magana zai ce na rage wa 504 daraja, domin ƙirarta kanta abar yabo ce. Gaskiya ne, kuma ba a musu. An fitar da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, shokazobanta na shanye gargada, kujerunta kuma ba sa gajiyar da baya. Amma a lura da abin da ya biyo baya. An ci gaba da haɗa wannan mota a Kaduna har 2006, shekaru da dama bayan Faransa ta daina, ƙirarta ba ta canza ba, duk da haka cinikinta ya yi ta raguwa. Abin da ya canza shi ne aljihu. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, motocin Kwatano suka cika kasuwa ta iyakokin Jibiya da Illela. A 2003 gwamnatin tarayya ta mayar da alawus ɗin mota kuɗi a hannu, ita da ke babbar mai saye ta janye. Michelin ta rufe masana'antar tayarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a shekarar da ta biyo. Da kyawun ƙira kaɗai ke riƙe masana'anta, da Kakuri ba ta yi shiru ba.

Sauran labarin na sauya hannu ne. A 2006 aka sayar da kaso mafi tsoka na PAN ga ASD Motors na Alhaji Sani Dauda, bashi ya yi yawa, hukumar AMCON ta karɓi kamfanin a 2012. An sake fara haɗa samfurin 301 a 2014 bayan sabuwar manufar motoci ta 2013, sannan a 2020 kamfanin Nesbitt ya saye PAN. A nan ne sunan ya rabu da gidan. Izinin haɗa Peugeot ya koma ga sabon kamfani, Dangote Peugeot Automobiles Nigeria, wanda Aliko Dangote da gwamnatocin wasu jihohi, ciki har da Kaduna da Kebbi, suka kafa tare da uwar kamfanin, wadda tun 2021 ta shiga rukunin Stellantis. Sabuwar masana'antar tana kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ta fara aiki a farkon 2022, kuma samfuran da aka sa a gaba su ne 301 da 508 da 3008 da 5008 da a-kori-kura mai suna Landtrek.

Dattawan da ke cewa a dawo da 504 suna neman abin da ba zai yiwu ba, kuma ko ya yiwu ba zai amfane su ba. Motar da ba ta da jakar iska ta kariya, mai shan mai kamar yadda injinan kafireto ke sha, ba ta da wurin zama bayan cire tallafin fetur a 2023. Sai dai ƙorafinsu yana da tushe, kuma matasan da ke yi musu dariya su tuna da 307. Ita ma da ta zo an yaba kyanta, amma da na'urar lantarkinta ta fara rikici sai aka ga kanikawa da yawa ba su da kwamfutar bincike, aka yi ta yanke wayoyi bisa kintace, motar ta yi baƙin jini a kasuwar hannu. A gefe guda 406 ta samu karɓuwa har yau saboda an sayi da yawa, kayanta sun wadata, masu gyara sun saba da ita. Ko a Turai, ƙaramin injin PureTech mai bel da ke gudana cikin man inji ya jawo ƙorafi har aka yi kiranyen motoci. Inda ake samun gurɓataccen mai da ƙurar hunturu da zafin bazara, tambaya a kan irin wannan inji ta fi tambaya a kan sabon tambarin kan zaki muhimmanci.

Wani zai ce kasuwar sabuwar mota ba ta shafi talaka ba, don haka ra'ayin direban Magami ba shi da nauyi a wurin masu zane. Wannan gajeren lissafi ne. Wanda ke sayen sabuwa yana duba nawa zai sayar da ita bayan shekara biyar, farashin nan kuwa direban haya da bakanike ne ke yanke shi. Abin da ya sa Hilux ɗin Toyota ta mamaye ayarin gwamnatoci ke nan, Golf da Sharan kuma suka gaje tashoshin da 504 ta bari. Landtrek ce ta fi dacewa da hanya irin ta Gusau zuwa Magami da Ɗansadau, amma ba za ta ƙwace wa Toyota kasuwa da kyan gaba ba sai an ga kayanta a shagunan Gusau a farashin da za a iya biya.

Don haka kira na ga masu sabuwar masana'antar shi ne, kafin kowane sabon samfuri ya fito su horar da kanikawan garuruwa irin Gusau da Funtuwa, su wadata su da na'urar bincike, su buɗe wuraren sayar da kayan gyara na asali. Gwamnatocin jihohin da suka zuba kuɗin jama'a a kamfanin kuma su fara sayen motocinsa kafin su nemi wani ya saya.